Yadda Ake Zaɓen Injin Rauta Don Sa Ƙofofin Ɗaki

Aikin da rauta, injin nan mai fafe katako, ke yi a jikin ƙyauren ɗaki bai taka kara ya karya ba. Gurbi ne za ta fafe inda hinji zai kwanta, zurfinsa milimita 2 zuwa 3, tsawonsa inci 3 ko 4, a gefen katakon da kaurinsa bai wuce milimita 35 zuwa 44 ba. Amma idan kafinta ya shiga kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, abin da ido ke fara sauka a kai shi ne ƙatuwar rauta mai hannu biyu da aka rubuta wat 1800 ko 2000 a jikinta. Mai shago kuma ya ce, "Oga, wannan ita ce mai ƙarfi." Gaskiya ya faɗa. Sai dai aikin hinji ba ya cin ko rubu'in wannan ƙarfin. Abin da yake bukata shi ne inji mara nauyi, wanda zurfin da ka saita ba ya zamewa, wanda kuma haƙorinsa, wato ƙarfen da ke juyawa yana yanka, da allon jagorarsa suka dace da hinjin da ke hannunka. Don haka zaɓe yana farawa daga ƙyaure da hinji, injin ne ke zuwa ƙarshe.

Mataki na farko: je ka ga ƙofar

Kafin ka taɓa aljihu, je wurin aikin ka ga irin firam ɗin da magini ya kafa. A gidaje da yawa na Arewa firam ɗin ƙarfe ake sawa saboda gara, kuma sau da yawa mai walda ya riga ya liƙa hinji a jikinsa. In haka ne, gefen ƙyaure kaɗai za ka fafe, kuma ba kai za ka zaɓi inda hinji zai zauna ba, firam ne zai nuna maka. In kuma ƙofofin nan ne da ake shigowa da su daga Turkiyya ko Sin, masu zuwa da firam da hinji da makulli a haɗe, rauta ba ta da aiki a gidan.

Inda take biyan kuɗinta shi ne firam na katako da ƙyaure na katako, kuma da yawa. Kowace ƙofa hinji uku, kowane hinji gurbi biyu, ƙofa goma gurbi sittin ke nan, kuma ana so duk su fito iri ɗaya. Wanda ƙofa ɗaya ko biyu ce a gabansa, ya wasa cizal ɗinsa ya yi aikinsa, kuɗin injin ya sayi hinji mai kyau da su.

Daga nan ka ƙwanƙwasa ƙyauren. Na filawud mai rami a ciki, katakon da ke gefensa wani lokaci siriri ne, gurbin da ya zarce zurfi zai rage wa sukuru wurin kamawa. Na MDF da HDF, wato garin katako da aka matse, suna dakushe haƙori da wuri saboda gam ɗin da ke cikinsu. Loko yakan ɓoye wani farin abu mai tauri kamar tsakuwa a cikin jijiyarsa, shi ma yana cin baki. Maɗaci kuwa jijiyarsa a sarƙe take, cizal yakan ɓantare ta ta inda ba a so, rauta ce ke fitar da ita sumul. Duk waɗannan suna nuna abu guda: haƙori mai bakin kabaid za ka saya, wanda ake rubuta wa TCT. Na zallan ƙarfe mai alamar HSS ya fi araha, yana iya malaina da afara, amma ƙofofin MDF kaɗan zai yi ya fara ƙona katako.

Mataki na biyu: sayi hinjin kafin injin

Ka sayi duk hinjin aikin lokaci ɗaya, daga kwali ɗaya, ka auna shi da kanka. Abin da ake kira inci 4 wani milimita 100 ne, wani 102. Na inci 3 wani 75, wani 76. Milimita biyun nan a ido ba komai ba ne, amma a gurbi su ne ratar da mai gida zai sa farce a ciki ya tambaye ka dalili. Auna kaurin ɓari ɗaya na hinjin, shi ne zurfin gurbinka.

Sannan ka dubi kusurwarsa. Haƙorin rauta zagaye yake yi, ba ya iya fitar da kusurwa mai kaifi. In hinjin mai kusurwa huɗu ne sosai, bayan rauta sai ka bi kusurwa biyu na ciki da cizal, sara biyu-biyu ya isa. In kuma mai lanƙwasar kusurwa ne, girman lanƙwasar ne zai zaɓa maka haƙori. Hinjin Amurka iri biyu ne a nan: mai ƙaramar lanƙwasa ta rubu'in inci, wanda haƙori mai faɗin rabin inci ke fitarwa daidai, da mai babbar lanƙwasa ta biyar bisa takwas na inci, wanda sai haƙori mai faɗin inci ɗaya da rubu'i. Wannan na biyun ya shafi zaɓen inji kai tsaye, domin haƙori mai faɗi haka ba a juya shi da gudun da ake juya ƙarami. Ya kamata a sauko da shi wajen juyi 18,000 a minti, injin da ba a iya rage masa gudu kuwa bai dace da shi ba.

Mataki na uku: allon jagora da haƙori

Ana iya fafe gurbi da hannu sake, a ja layi a bi shi da ido, a ƙarasa da cizal. Ga gurbi sittin, wannan wahala ce da ɓarna. Allon jagora ake yi: filawud mai taga a tsakiya, da wani katako a ƙarƙashi da ke dafe fuskar ƙyaure don faɗin gurbin ya zama ɗaya kullum. Akwai na kamfani, irin na Trend a Ingila da na Porter-Cable a Amurka, amma wanda ka yi da hannunka a shago yana aiki daidai da su in ka yi lissafin tagar da kyau.

Hanya biyu ce rauta ke bin allon. Ta farko, zoben jagora: ɗan ƙarfe mai wuya da ake ɗaurawa a gindin injin, haƙori ya leƙo ta tsakiyarsa, wuyan zoben ne ke goga gefen taga. Tunda zoben ya fi haƙorin faɗi, dole taga ta fi hinjin girma. Lissafin shi ne ka cire faɗin haƙori daga faɗin zobe ka raba biyu. Allon Trend, alal misali, zobe mai milimita 16 yake amfani da shi da haƙori mai 12. Bambancin 4 ne, rabinsa 2. Ke nan in hinjinka 100 ne, tagarka 104 ce, biyu a sama biyu a ƙasa, ka kuma ƙara 2 a bangon baya. In 76 ne, taga 80.

A nan ne mutane da yawa ke sayen inji su dawo gida su tarar zoben ba shi da mazauni a gindinsa. Kowane kamfani da irin ramin da yake yi. Na Amurka da yawa suna bin ramin Porter-Cable, na Makita da na Bosch kowa da nasa. Kafin ka biya, ka sa a buɗe kwalin, ka ga zoben da idonka, ka ɗaura shi, ka auna faɗinsa. Ƙananan injuna sukan zo da ɗan zobe mai milimita 10 ko kusa da haka, wanda haƙori mai 12 ba zai bi ta cikinsa ba. Ba laifi, za ka iya aiki da haƙori mai 6 ko 8, sai dai ka sake lissafin tagar, kuma fafewar za ta ɗan ƙara ɗaukar lokaci.

Hanya ta biyu ita na fi so ga wanda ke yin allonsa da kansa: haƙori mai boris a wuyansa, wato ɗan zobe mai juyawa da ke bin gefen taga, boris ɗin faɗinsa ɗaya da bakin haƙorin. Babu lissafi, tagar girman hinjin ce cif. Kana iya ajiye hinjin a kan filawud, ka kewaye shi da guntayen katako uku masu miƙaƙƙen baki, ka ɗaure su, ka bi da rauta, allonka ya fito. Kuma kowace rauta na ɗaukarsa, ko tana da mazaunin zobe ko ba ta da shi. Abin lura shi ne kaurin allon. A ce tsawon bakin haƙorin milimita 12 ne, kai kuma 3 kaɗai za ka nutsa a ƙyaure. Sauran 9 suna cikin kaurin allon, boris yana samansu. In allon filawud ne mai milimita 9, boris zai tsaya a iska, bakin haƙorin ya ci allon naka. Yi shi da filawud mai 18, ko ka nemi haƙori mai gajeren baki wanda don hinji aka ƙera shi.

Mataki na huɗu: kolet

Kolet shi ne ɗan maƙogwaron ƙarfe mai tsaga da ke shaƙe ƙafar haƙori idan an ɗaure noti. Ɗan ƙaramin abu ne, amma a kasuwanninmu ya fi komai jawo matsala, saboda kayan Turai da na Amurka da na Sin duk a tire ɗaya ake zuba su. Akwai ƙafa mai milimita 6, akwai mai rubu'in inci wadda ita 6.35 ce. Akwai mai 12, akwai mai rabin inci wadda ita 12.7 ce. Ido ba ya raba su. Ka sa ƙafa mai 6 a kolet na rubu'in inci, za ka ɗaure noti ka ji kamar ya kama. Da inji ya ɗauki zafi, haƙorin zai fara zamowa ƙasa a hankali, gurbin da ka faro da milimita 3 ya ƙare da 5, in ma bai fito gaba ɗaya ya yi tsalle ba. Ka tura mai 6.35 a kolet na 6 da ƙarfin tsiya, kolet ɗin ya tsage.

Je kasuwa da ma'aunin kauri irin na makanikai. Karanta lambar da aka zana a jikin kolet, ka auna ƙafar kowane haƙori kafin a sa maka a leda. Injin da ya zo da kolet biyu, 6 da 8 ko rubu'in inci da 8, ya fi wanda ya zo da ɗaya. Ƙafa mai 8 ta fi tauri, ba ta rawa, kuma haƙoran hinji na Turai da yawa da ita suke zuwa. Ka tambaya ko ana samun kolet ɗin daban in ya lalace, don yana gajiya kamar kowane abu mai matsewa da sakewa.

Mataki na biyar: yanzu sai injin

Rauta kashi uku ce. Akwai ƙarama ta hannu ɗaya, wadda masu aikin fomaika ke kira tirima, daga wat 500 zuwa 900, nauyinta bai kai kilo 2 ba ko ya ɗan gota. Akwai matsakaiciya mai nutso, wadda ake danna ta ƙasa a kan sanduna biyu masu sifirin, wat 900 zuwa 1400. Sai babba mai kolet na rabin inci, wat 1800 zuwa sama, kilo 5 zuwa 6.

Ka hango yadda aikin yake. Ƙyaure yana jingine a kan gefensa, kana tsaye a kansa, wurin da gindin injin zai taka ɗan siriri ne. Ɗora babbar rauta a nan kamar ɗora turmi ne a kan kara, ta karkata kaɗan, gefe ɗaya na gurbin ya fi ɗaya zurfi. A jikin firam abin ya fi muni: a tsaye za ka riƙe ta, hinjin sama yana daidai kanka ko sama da shi, kusa da kusurwa, gindinta mai faɗin santimita 15 ko fiye yana karo da katakon sama. Tirima gindinta kusan santimita 9 ne, hannu ɗaya ya riƙe ta, ɗayan ya dafe allon. Don aikin hinji da fuskar makulli, ƙaramar ita ce daidai, ba ni da shakka a kan wannan.

A cikin ƙananan ma akwai bambanci. Makita 3709 wat 530 ce, juyi 30,000 a minti, gudu ɗaya. Bosch GKF 550 wat 550, juyi 33,000, ita ma gudu ɗaya. Dukansu suna fafe gurbin hinji da haƙori mai milimita 12 ba tare da nishi ba. Makita RT0700C wat 710 ce, ana juya mata gudu daga 10,000 zuwa 30,000, tana tashi a hankali, kuma ana iya cire motar a sa ta a wani gindi mai nutso. DeWalt D26200 wat 900, juyi 16,000 zuwa 27,000, tana da zobe mai zare da ake murzawa don zurfi, kuma D26204 ita ce dai wannan tare da gindi biyu, kafaffe da mai nutso. In aljihu zai ɗauka, irin waɗannan masu gindi biyu su ne sayen da ba a nadama. Ingco da Total da suka cika shaguna su ma suna da tirima, kuma ga wanda ke farawa suna rufa asiri, muddin sun ci jarrabawar da ke tafe a mataki na bakwai.

Abin da ya fi lambar wat muhimmanci shi ne yadda ake saita zurfi. Kana neman injin da za ka iya ƙara masa rabin milimita ka kulle, ya tsaya a nan har gurbi na sittin. Wanda motarsa ke zamewa a cikin gindi da zarar ka saki makama, sai ka yi ta lalube kafin ka dace, zai cinye maka lokacin da ka sayi injin don ka tsira da shi. Bayan wannan, gindin da ake ganin aiki ta cikinsa, da makunnin da babban yatsa ke kaiwa ba tare da ka saki injin ba. Tashi a hankali ma ba ado ba ne: injin da ke fizga da an kunna shi yana iya goce maka a kan allon.

Mai batir fa? Makita DRT50 da DeWalt DCW604 suna nan, kuma a gidan da ake ginawa, inda babu waya ko ɗaya a bango, suna da daɗin aiki, ga shi babu igiyar da za ta saƙale a kusurwar ƙyaure. Gurbin hinji ba ya shan batir sosai. Amma yawanci jikin injin kaɗai ake sayarwa, batir da caja daban. In kana da dirila ta kamfanin da batirinta biyu, lissafin ya yi. In ba ka da su, mai igiya ya fi sauƙi.

Mataki na shida: wutar da za ta ci

Wutar Najeriya da ta Nijar 220 zuwa 230 ce. Injunan gwanjo da ake kawowa daga Amurka na 120 ne. Makita RT0701C da DeWalt DWP611 kamarsu ɗaya da waɗanda na ambata a sama, amma na wutar Amurka ne, haka ma Porter-Cable 690 da kafintocin can suka daɗe suna sa ƙofa da ita. Daga Ingila ma akan kawo na 110, waɗanda ake aiki da su a wuraren gini, masu zagayayyen filogi ruwan ɗorawa. Sau da yawa an riga an yanke filogin an sa namu, don haka kada filogi ya ruɗe ka, karanta farantin da ke jikin motar. In na 110 ko 120 ne, ba ya aiki sai da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin injin sosai, kuma ranar da yaron shago ya manta ya soka shi kai tsaye, kwayil ya tafi. Kada kuma lambar ƙarfin doki da Amurkawa ke rubutawa ta burge ka, wat ko amfiya da ke kan farantin sun fi faɗin gaskiya.

Sai janareta. Ƙaramin nan mai lamba 950 a jiki, abin da yake bayarwa a tsaye bai wuce wat 650 ba, kuma mota tana jan wuta fiye da ƙa'idarta lokacin tashi. Tirima mai wat 500 da ɗoriya zai iya ja in babu wani kaya a kansa. Babbar rauta kuwa sai janareta mai kVA 2.5 zuwa sama. Wannan ma wani dalili ne na tsayawa a ƙarama. In igiyar ƙari za ka ja mai nisa, nemi mai kauri, siririya tana rage wuta, injin ya yi ta zafi.

Mataki na bakwai: jarraba ta a shago

Jabu ya yi yawa, kwali da launi ba shaida ba ne. Kada ka karɓi inji sai an kunna shi a gabanka. Kafin a kunna, kama bakin sandar da kolet ke kai ka girgiza ta gefe da gefe, ka ja ta sama da ƙasa. In ka ji tana motsi, boris ya mutu ko ba a yi shi da kyau ba. Sa haƙori miƙaƙƙe ka juya da hannu kana kallon bakinsa kusa da gefen wani katako, ka ga ko yana lilo. A kunna: ƙarar ta zama siririya mai ɗorewa, ba gurnani ba. Leƙa ta ramukan iska, ɗan tartsatsi a wurin buroshi ba komai, amma wuta mai kewaye amica, wato ɓangaren motar da ke juyawa, da warin ƙuna alamar ajali ce. Kashe, ka saita zurfi ka kulle, ka dafa motar da tafin hannu ka danna da ƙarfi. In ta zame ko da kaɗan, ajiye ta. Juya ta ka ɗora sikwaya a gindin ka tabbatar a shafe yake, ka kuma duba ko haƙorin yana tsakiyar zoben jagora, domin in ya karkata, gurbi zai canza girma duk lokacin da ka juya injin a hannunka. Tambayi buroshinta, ka sayi biyu tun yau.

Mataki na takwas: saiti da gurbin farko

Cire filogi daga wuta kafin ka taɓa haƙori, kuma ka saba kashe makunnin injin duk lokacin da aka ɗauke wuta. In ka bar shi a kunne aka dawo da ita, injin zai tashi shi kaɗai a kan benci. Zura ƙafar haƙori har ƙarshe, ka jawo ta baya kamar milimita 2 ko 3, sannan ka ɗaure, kashi uku cikin huɗu na ƙafar yana cikin kolet. Tabarau, abin toshe kunne, da takunkumi, musamman a kan MDF da loko da ƙurarsu ke damun ƙirji. Naɗe hannun riga.

Zurfi ba da tef ake saita shi ba, da hinjin kansa ake yi. Kifa injin gindinsa a sama, ɗora guntun filawud ɗin da ka yi allon da shi, ɗora ɓari ɗaya na hinjin a kai, ka ɗago haƙori har bakinsa ya yi daidai da saman hinjin, ka shafa da yatsa ka ji. In mai nutso ce, sauke haƙori ya taɓa katako, ka sa hinjin tsakanin sandar tsayawa da mazauninta, ka kulle. Gwada a guntun katako tukuna. Hinjin ya kwanta daidai da fuskar katakon, yatsa ya wuce bai ji tudu ko rami ba.

Kafintocin Ingila inci 6 suke bari daga sama, inci 9 daga ƙasa, na uku a tsakiya. Na Amurka da yawa 7 da 11. Kowanne ka ɗauka, zana shi a kan doguwar sanda ɗaya, ita za ka riƙa ɗorawa a kowane ƙyaure da kowane firam. A firam ka sauko da sandar milimita 3 daga katakon sama, wannan ita ce ratar kan ƙofa. Matse allon a ƙyaure da kilam, a firam kuma ƙananan ƙusoshi biyu da za ka cike raminsu daga baya. Ja wuƙa a layin da gurbin zai fito ta fuskar ƙyaure don kada fatar filawud ta yage. Kwantar da gindin injin a kan allon haƙori bai taɓa katako ba, kunna, bari ya kai gudunsa, ka shiga. Kewaya cikin tagar yadda hannun agogo ke tafiya, sannan ka share tsakiya. Kada ka ɗaga injin sai haƙori ya tsaya cak, in ba haka ba zai tsinke maka gefen allon, duk gurbin da ya biyo baya kuma ya gaji wannan tabon.

Makulli

Fuskar makulli da farantin da harshensa ke shiga a firam duk gurbi ne mara zurfi, tirima na yinsu da wani allon daban. Cikin makullin ne matsala. Akwatin makullin da ake binnewa a ƙyaure zurfinsa yakan kai milimita 64 ko 76, ƙaramar rauta ba ta isa can, kuma kada ka zaro ƙafar haƙori daga kolet don ka ƙara mata tsawo. Jera huda da dirila ka gyara bangon da cizal. Sai in kwangilar ƙofofi ta zama sana'arka ta kullum ne babbar rauta mai nutso, da dogon haƙori mai ƙafar rabin inci, da allon makulli za su biya kansu, ana sauka milimita 5 a kowane zagaye, ana tsayawa a kwashe gari.

Ɗora ƙyaure

Huda wa kowane sukuru ƙaramin rami a tsakiyar ramin hinji, musamman a MDF da ke tsagewa ta gefe. Sa sukuru ɗaya-ɗaya a kowane ɓari, ka ɗaga ƙyauren a kan 'yar tsinke, ka kama na sama tukuna, ka rufe ka gani. In ƙofar tana turjewa tana dawowa kafin ta rufe, gurbin ya yi zurfi, gefen ƙyaure na karo da firam: kwance hinjin ka sa yankin kwali a bayansa. In rata ta yi yawa a gefen hinji kuma ɗayan gefen na gugar firam, gurbin bai kai ba: mayar da allon a ramukan ƙusoshinsa na farko, ka ƙara rabin milimita.

Rata ta zama milimita 2 zuwa 3 a gefe da sama, ƙasa kuma ta ɗara haka gwargwadon tayil ko kafet. Ka kuma lura da watan da kake aiki. Katakon da aka sa da hunturu a bushe yake ƙarau, zai kumbura in damina ta sauka, don haka a ba shi milimita 3 cikakku, ko a ɗan ɗara in ƙyauren zallan katako ne mai faɗi. Wanda aka sa a watan Agusta kuwa a matse shi zuwa 2, zai ja da kansa kafin Janairu. Sai ka ga ƙofar na rufuwa ba gardama sannan ka sa sauran sukurori.